Ƙaramar Hukuma da Yawan Jama'a a Kamaru: Misali Daga Duwala, Manoka da Unguwar New Bell

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a Kano ko Katsina, da zarar ya ji an ce "ƙaramar hukuma", abin da zai faɗo masa a rai shi ne ciyaman da kansiloli da sakatariya. Takwaransa na Maraɗi ko Damagaram kuwa magajin gari zai tuna, da kuma ofishinsa da ake kira meri. Duka biyun Hausa suke yi, amma kowa da tsarin mulkin da ya buɗe ido ya tarar, kowa kuma da harshen Turawan da ya ari kalmomi daga gare shi. Akwai rukuni na uku da ba a cika kawo misalinsu a aji ba, wato Hausawan kudancin Kamaru, musamman na birnin Duwala.

Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin yin abu uku. Na farko, ta bayyana yadda aka tsara ƙaramar hukuma a Kamaru. Na biyu, ta nuna dangantakar da ke tsakanin ƙidayar jama'a da rabon kujeru da kuɗi. Na uku, ta duba matsayin Hausawan New Bell a cikin wannan tsari. An zaɓi Duwala ne saboda a cikinta ana samun nau'o'i uku a ƙarƙashin inuwa ɗaya: ga tsibirin masunta da yake karkara zalla, ga ƙauyukan da masana'antu suka haɗiye, ga kuma tsohuwar unguwar baƙi.

2.0 Matakan Mulki a Kamaru

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, igiyar mulki a Kamaru biyu ce, kuma kafaɗa da kafaɗa suke tafiya.

Igiya ta farko ta naɗi ce. An raba ƙasar zuwa jihohi 10, kowace da gwamna. Jihohin sun kasu zuwa gundumomi 58, kowace da perefe. Gundumomin kuma sun kasu zuwa da'irori 360, kowace da superefe. Duk waɗannan shugaban ƙasa ne yake naɗa su, kuma gwamnatin Yawunde suke wakilta. Kafin shekarar 2008 larduna ake kiran jihohin.

Igiya ta biyu ta zaɓe ce. A nan ne ake samun ƙaramar hukuma, wadda ake kira komin. Akwai komin 360, ke nan iyakar komin da ta da'ira kusan abu ɗaya ne. Jama'a suna zaɓar kansiloli na wa'adin shekara biyar, su kuma kansilolin su zaɓi magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. A nan tsarin ya sha bamban da na Nijeriya, inda ake jefa wa ciyaman ƙuri'a kai tsaye. Bugu da ƙari, perefe yana sa ido a kan ayyukan komin, kuma akwai shawarwarin majalisa, kamar kasafin kuɗi, da ba sa aiki sai ya amince.

2.1 Taƙaitaccen Tarihi

A ɓangaren da Ingila ta riƙe an yi mulki ne ta hanyar En'e, kamar yadda aka yi a Arewacin Nijeriya. A ɓangaren Faransa kuwa, a 1941 aka kafa komin na farko a Duwala da Yawunde, kuma jami'in Turawa ne yake shugabantar su. A 1952 aka fara kafa irinsu a karkara. Bayan an soke tsarin tarayya a 1972, sai dokar 5 ga Disamba 1974 ta haɗe tsarin biyu, ta kuma raba komin gida biyu: na birni da na karkara.

Tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 ya tanadi a rage tattara iko a hannun gwamnatin tsakiya. Dokokin 22 ga Yuli 2004 suka fayyace yadda za a yi haka, kuma su ne suka kawar da bambancin komin na birni da na karkara. Saboda haka, idan ɗalibi ya ci karo da "komin na karkara" a rubutun da ya shafi Kamaru, to ya sani tsohon suna ne. A doka ba shi, ko da yake a zahiri ƙauye yana nan a ƙauyensa. Daga ƙarshe, dokar 24 ga Disamba 2019 ta tattara dukkan waɗannan tanade-tanade a kundi guda.

3.0 Duwala da Komin Ɗinta Shida

Manyan birane 14 suna da wani mataki na ƙari da za mu iya kira hukumar birni, wadda take tattara komin da ke cikin birnin. Ta Duwala an kafa ta a 1987. Shekaru da dama wakilin gwamnati ne na naɗi yake jagorantar ta. Dokar 2019 ta soke wannan muƙami, ta maye gurbinsa da magajin birni wanda kansiloli suke zaɓa. A watan Maris na 2020 aka zaɓi Roger Mbassa Ndine, ya karɓa daga Fritz Ntone Ntone wanda ya riƙe hukumar tun 2006.

Ga komin ɗin da yawan jama'arsu bisa ƙidayar 2005:

(a) Duwala ta 1 (Bonanjo, Akwa, Deido): 223,214
(b) Duwala ta 2 (New Bell): 261,407
(c) Duwala ta 3 (Logbaba da yankin Bassa): 646,347
(d) Duwala ta 4 (Bonaberi): 250,626
(e) Duwala ta 5 (Kotto): 544,919
(f) Duwala ta 6 (Manoka): 5,464

Jimilla 1,931,977, wanda shi ne yawan mutanen gundumar Wuri ta jihar Litoral a wancan lokaci. Hukumar birni ce take kula da manyan tituna da magudanan ruwa da fitilun hanya da tsarin gine-gine. Su kuwa komin, aikinsu ya fi kusa da talaka: rajistar haihuwa da aure da mutuwa, gina azuzuwan firamare da ƙananan asibitoci, da gyaran hanyoyin unguwa. Sau da yawa iyakar ba ta fita sarai, musamman a kan kasuwanni da shara, kuma a nan ne ake samun ja-in-ja tsakanin matakan biyu.

3.1 Manoka: Karkara a Cikin Birni

Manoka tsibiri ne a bakin kogin Wuri, inda ruwan kogi yake haɗuwa da na teku. Ba a zuwa sai da kwalekwale ko jirgin ruwa, galibi daga mashigar Youpwe. Komin ɗin ya ƙunshi tsibirin da sansanonin masunta da ke warwatse a cikin dazukan fadama. A da, komin na karkara ne mai zaman kansa, sai a 2007 ya zama Duwala ta 6. Sana'ar mutanensa su ce da ƙyafe kifi, kuma da yawa daga cikin masuntan 'yan asalin gaɓar tekun Nijeriya ne.

Manoka yana koya mana abu biyu. Na farko, canjin suna ba ya canza yanayin wuri. Mutumin Manoka ɗan birnin Duwala ne a takarda, amma buƙatunsa na mutumin ƙauye ne: ruwan sha, da malamin makaranta da zai yarda ya zauna, da hanyar kai mara lafiya asibiti. Na biyu, ƙirga masunta ba abu ne mai sauƙi ba, domin suna bin kifi ne. Sansanin da ya cika a wannan wata yana iya zama kango a wata mai zuwa. Matsala ɗaya ce da wadda masu ƙidaya suke fuskanta da makiyaya da 'yan ci-rani a ƙasar Hausa.

3.2 Bassa: Ƙauyukan da Birni Ya Haɗiye

Wanda ya ga cunkoson mahadar Ndokoti a yau zai yi wuya ya yarda cewa wurin ƙauye ne a da. Amma sunayen unguwannin sun riƙe tarihin. A harshen Bassa, ana fara sunayen zuriya da "Ndog" ko "Log", shi ya sa ake da Ndogbong da Ndogpassi da Logbaba. Haka a harshen Duwala "Bona" yana nufin iyalin wane ko mutanen wane, kamar a Bonanjo da Bonapriso da Bonaberi. Ɗalibi zai iya kwatanta wannan da yadda Hausa take gina sunayen wurare da "Gidan" ko "Unguwar" ko ɗafin "-awa", kamar Gidan Madi da Gabasawa.

A 1971 gwamnati ta kafa hukumar MAGZI domin tsara filayen masana'antu. A Duwala tana da fili a Bonaberi da kuma a Bassa, inda ake samun kamfanoni irin su masaƙar CICAM da kamfanin cakulan na Chococam. Masana'anta tana jawo ma'aikaci, ma'aikaci yana neman ɗaki, sai gonakin ƙauye suka koma filayen gini. Ta haka Duwala ta 3 ta zama komin mafi yawan jama'a a birnin, har ta ninka Manoka sau 118 a ƙidayar 2005.

3.3 New Bell: Unguwar Baƙi

Asalin New Bell yana komawa ga zamanin Jamus. Bayan yarjejeniyar 12 ga Yuli 1884 tsakanin Jamusawa da sarakunan Duwala, Turawa sun zauna a bakin kogi tare da 'yan ƙasa. Wajen 1910 suka shirya ƙwace filayen bakin ruwa, su mayar da mutanen can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Sabon matsugunin da aka tanadar wa mutanen Bell shi ne New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya jagoranci adawa da shirin, Jamusawa suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914 tare da sakatarensa Ngoso Din.

Bayan Faransa ta karɓi mulki, mafi yawan 'yan asalin Duwala ba su zauna a New Bell ba. Baƙi ne suka cika ta: Bamileke da Bassa da Ewondo daga cikin ƙasa, sannan mutanen Nijeriya da Dahomey da Senegal da sauransu. Kowace al'umma ta kama gefenta, abin da ya sa har yau ake cewa New Bell Hausa da New Bell Bamileke da New Bell Bassa da unguwar Kwango. Tsarin ya yi kama da na Sabon Gari a Kano ko Zariya, sai dai a nan Bahaushe ne baƙon, kamar yadda yake a Sabo ta Ibadan ko zangon Kumasi. Masaniyar tarihi Lynn Schler ta rubuta littafi sukutum a kan baƙin wannan unguwa, wanda ya fito a 2008.

Hausawa sun iso tun zamanin Jamus, wasu fatake, wasu kuma a cikin askarawan Turawa. Isar layin dogo Ngaundare a 1974 ta ƙara sauƙaƙa zirga-zirga tsakanin Arewa da teku, haka kuma kasancewar tashar jiragen ruwa ta Duwala ita ce ƙofar Chadi da Afirka ta Tsakiya. Sana'o'in da aka fi sanin su da su sun haɗa da fawa da tsire, wanda a can ake kira soya, da cinikin dabbobi da goro da yadi, da ɗinki da tuƙin manyan motoci.

Abin lura a nan shi ne ma'anar kalmar "Hausa" a bakin mutumin kudancin Kamaru. Sau da yawa ba ƙabila yake nufi ba. Bafillace da Babarbare da Bakotoko, kai duk Musulmin da ya fito daga Arewa ya sa doguwar riga, "Hausa" ne a wurinsa. Ke nan unguwar Hausawa ba lallai ta zama ta Hausawa zalla ba, kuma a cikinta ana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci da Turancin buroka.

4.0 Ƙidaya, Kujeru da Kuɗi

Kamaru ta yi ƙidayar jama'a a 1976 da 1987 da 2005. Ta 2005 ta ba da mutum 17,463,836, amma sai a 2010 aka bayyana sakamakonta. An ba da umarnin ƙidaya ta huɗu a 2015, sai dai har ƙarshen 2024 ba a gudanar da ita ba. Ita Duwala ta tashi daga kimanin mutum 458,000 a 1976, zuwa kimanin 810,000 a 1987, zuwa sama da miliyan 1.9 a 2005. Wato a cikin shekara 29 ta ninka fiye da sau huɗu.

Me ya sa wannan ya shafi ƙaramar hukuma? Dalili na farko shi ne, doka ta ɗaure yawan kansiloli da yawan jama'a kamar haka:

(a) ƙasa da mutum 50,000: kansila 25
(b) daga 50,000 zuwa 100,000: kansila 31
(c) daga 100,001 zuwa 200,000: kansila 35
(d) daga 200,001 zuwa 300,000: kansila 41
(e) sama da 300,000: kansila 61

Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan alkaluman 2005, Manoka zai sami 25, New Bell 41, Duwala ta 3 kuma 61. Da an raba, kansila ɗaya a Manoka yana wakiltar kimanin mutum 219, a New Bell kimanin 6,400, a Duwala ta 3 kuwa kimanin 10,600. Ma'aunin yana kare ƙaramin wuri don kada a danne shi, amma ya tsaya cak a 61, ko da mutane sun kai miliyan.

Dalili na biyu kuɗi ne. Komin yana samun kuɗin shiga daga harajin 'yan kasuwa da kuɗin rumfuna da makamantansu. Akwai kuma ƙarin kashi 10 cikin 100 da ake ɗorawa a kan wasu harajin gwamnati domin komin. Wani ɓangare na wannan kuɗi ana tara shi ne a asusun FEICOM, wanda aka kafa a 1974, a sake rarraba shi, kuma yawan jama'a yana cikin abin da ake dubawa. Saboda haka, unguwar da ta cika ta batse bayan ƙidaya tana ɗaukar nauyin mutanen yau da kason mutanen jiya. Dokar 2019 ta kuma tanadi cewa abin da gwamnati za ta ware wa jihohi da komin kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta, ko da yake magadan gari sun sha kukan cewa abin da yake isowa bai kai haka ba.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, alkaluman da aka buga ba su rarraba mutane bisa ƙabila ba. Don haka duk adadin da aka ji an ambata na Hausawan Duwala ƙiyasi ne, kuma wajibi ne ɗalibi ya tambayi wanda ya kawo shi wa yake nufi da "Hausa".

5.0 Sarauta da Matsayin Baƙo

Dokar 15 ga Yuli 1977 ta kasa sarautun gargajiya zuwa daraja uku, ta kuma ɗauki sarakuna a matsayin mataimakan hukuma. Tun 2013 ana ba su alawus na wata: jaka 200 ta sefa ga daraja ta ɗaya, jaka 100 ga ta biyu, jaka 50 ga ta uku. A Duwala manyan masarautun 'yan ƙasa shida ne: Bell da Akwa da Deido da Bele-Bele da Bassa da Bakoko. Al'ummomin baƙi su ma suna da shugabanninsu, kuma Sarkin Hausawa yana cikinsu. Aikinsa sulhu ne da saukar baƙo da shaidar mutum a gaban superefe. Ba shi da kasafin kuɗi, ba shi kuma da kujera a majalisar komin don kawai yana sarki.

Hausawa suna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Tambayar ita ce, shekara nawa raɓa za ta yi kafin ta zama kaba? A zaɓen ƙananan hukumomi na Janairu 1996 jam'iyyar adawa ta SDF ta yi rinjaye a Duwala, kuma mafi yawan magadan garin da aka zaɓa ba 'yan asalin birnin ba ne. A watan Fabrairu mutanen Sawa, wato al'ummomin gaɓar teku, suka yi zanga-zanga suna cewa an mayar da su 'yan kallo a ƙasar kakanninsu. Tsarin mulkin 1996 ya riga ya ce shugaban majalisar jiha sai ɗan asalin jihar. Dokar 2019 ta ƙara da cewa shi ma magajin birni dole ya kasance ɗan asalin jihar da birnin yake, ba tare da ta fayyace wane ne ɗan asali ba.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Masu goyon baya suna cewa 'yan ƙasa sun zama tsiraru a garinsu, in ba a kare su ba ƙuri'a za ta shafe su. Masu suka kuwa suna cewa an raba 'yan ƙasa ɗaya gida biyu. A aikace, Bahaushen da aka haifi kakansa a New Bell yana da 'yancin jefa ƙuri'a, yana iya zama kansila ko magajin garin komin, domin sharaɗin bai shafi wannan mataki ba, amma kujerar magajin birni tana iya gagarar sa. Abin da yake taimaka masa shi ne tanadin dokar zaɓe da ya wajabta wa kowace jam'iyya ta sa jerin 'yan takararta ya nuna al'ummomin da ke zaune a yankin.

Sai dai duk wannan yana farawa ne daga takardar haihuwa. Yaron da ba a yi wa rajista a meri cikin wa'adi ba, sai an je kotu kafin ya samu. In babu ita babu jarrabawar gama firamare, babu katin ɗan ƙasa, babu katin zaɓe. Ga iyalin da sunansu ya yi kama da na mutanen Nijeriya ko Nijar, rashin wannan takarda yana iya jawo a yi shakkar ƙasarsu baki ɗaya. Ɗalibin Nijeriya ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin ya san rigimar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma a wurare irin su Jos.

6.0 Kalmomin Fannu

Ga yadda kalmomin suke bambanta tsakanin Hausar da ta yi hulɗa da Ingilishi da wadda ta yi hulɗa da Faransanci:

(a) ƙaramar hukuma : komin
(b) ciyaman : magajin gari
(c) sakatariya : meri
(d) hakimi : sarkin kanto
(e) dubu : jaka, a lissafin kuɗin sefa

A lura da "magajin gari". Tsohuwar sarauta ce a Sakkwato da Katsina da wasu masarautu, amma an faɗaɗa ma'anarta ta ɗauki zaɓaɓɓen shugaban gari. Wannan misali ne na faɗaɗa ma'ana, saɓanin "komin" da "meri" da "perefe" waɗanda aro ne kai tsaye. Mai fassara ya yi hattara kada ya kira perefe "ciyaman", domin ɗaya naɗa shi ake yi, ɗaya kuwa zaɓa.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa ƙaramar hukuma a Kamaru tana tafiya ne tsakanin jami'in naɗi da zaɓaɓɓen magajin gari da basarake. An kuma ga cewa ƙidaya ita take yanke yawan kujeru, tana kuma taɓa rabon kuɗi. Matsalar 'yancin wannan mataki ba ta Kamaru kaɗai ba ce. A Nijeriya, mai ƙananan hukumomi 774, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. A Nijar kuwa, gwamnatin soja ta rushe zaɓaɓɓun majalisunsu a Afrilun 2024. Ga masuncin Manoka da ma'aikacin Bassa da mahaucin New Bell, abin da yake gabansu ɗaya ne: a ƙirga su daidai, a rubuta sunayen 'ya'yansu, a kuma saurare su a majalisar da ta fi kusa da su.

8.0 Aikin Aji

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin superefe da magajin gari.
2. Komin mai mutum 180,000 kansila nawa zai samu? Kansila ɗaya zai wakilci kimanin mutum nawa?
3. Kawo sunayen wurare biyar a ƙasar Hausa da aka gina da "Gidan" ko "Unguwar" ko "-awa", ka faɗi abin da kowanne yake nunawa game da waɗanda suka kafa wurin.
4. Rubuta shafi ɗaya kana kwatanta matsayin Bahaushe a New Bell da na mazaunin Sabon Garin Kano.